Kwana biyu a Salvador, ina zan fara?

Dan uwa ka ce kwana biyu kawai kake da su a Salvador ta Brazil kuma kana so ka ga tsoffin coci-coci da gidajen tarihi, to ka fara da unguwar Pelourinho tun da safe kafin rana ta yi zafi, kuma ka sa takalmi mai kauri don titunan duk duwatsu ne aka jera, ga hawa ga gangara. Turawan Fotugal ne suka kafa garin a 1549, shi ne babban birnin kasar har 1763.

Ni dai abin da ya fi taba min zuciya shi ne cocin Rosário dos Pretos, mai shudin fenti, bayi da 'yantattun bakaken fata ne suka gina shi da hannunsu. Daga nan ka hau dandalin Terreiro de Jesus ka shiga Museu Afro-Brasileiro, gidan tarihin al'adun Afirka a Brazil. Cocin São Francisco kuwa da aka lullube cikinsa da ruwan zinare, silin dinsa ya rufto a 2025, sai ka tambaya ko an bude kafin ka wahalar da kanka.

Kuma kar ka dauka tarihin wasu kake kallo fa, an kai Hausawa garin nan a matsayin bayi, kuma a Janairun 1835 cikin azumi Musulmi suka yi boren da ake kira Malê, yawanci Yarbawa ne amma da Hausawa a ciki, har an samu layu da rubutun Larabci a jikinsu.

In ka gaji ka hau lif din Lacerda, wanda ke saukar da mutane daga unguwannin kan tudu, ka sauka kasuwar Modelo bakin teku.