Ganyen audugata yana zubewa

Tambaya: Malam, ganyen audugata ya yi tabo ruwan ƙasa mai zobe-zobe, yana ta zubewa. Na fesa maganin ƙwari sau biyu, shiru kake ji. Daga wani manomi, Funtuwa.

Amsa: Alhaji, kuɗin nan ka zubar, don ba ƙwaro ba ne. Tabo mai zobe alamar Alternaria ce, cutar fungas (dangin fumfuna) mai son damshin Agusta. Nemi Mancozeb, maganin fungas, ka bi ma'aunin da ke jikin leda. Ka fesa da safe bayan raɓa ta bushe, har ƙarƙashin ganye. In ruwa ya sauka nan take, sai ka sake. Ni dai na fi zargin taki: audugar da ta rasa fotash, wani sinadari na cikin taki, ita cutar ke fara kamawa. Bayan tsinka, ƙone itacen.