Me ake kallo a lambun Gamji lokacin hunturu?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Nakan kai yarana lambun Gamji ranar Asabar. Tun da hunturu ya shigo ciyawa ta bushe, wasu itatuwa sun kakkaɓe ganye, hazo ya rufe kogi. Autana ya tambaye ni ko itatuwan mutuwa suka yi, na rasa abin ce masa. Akwai abin kallo yanzu, ko mu bari sai damina? Daga wata uwa a Unguwar Rimi, Kaduna.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Don Allah kada ku bari sai damina. Mu da muka karanci tsirrai, wannan ne lokacin da muka fi son fita, domin da damina kore ya lulluɓe komai, yanzu kuwa kowace bishiya halinta a fili yake.

Ki ce wa auta ba su mutu ba, tattalin ruwa suke yi. A jikin kowane ganye akwai 'yan ƙofofi da ido ba ya gani, ta nan ruwa ke fita. Ruwan sama yakan ɗauke a Kaduna wajen watan Oktoba, ba ya dawowa sosai sai Afrilu ko Mayu, ga busasshiyar iskar da ke fasa mana leɓe da dunduniya. Itacen da saiwarsa ba ta kai ga ruwa ba, in ya riƙe ganyensa zai ƙare da ƙishi, sai ya zubar ya jira. Ki sa yaron ya kankare ɗan ƙaramin reshe da farce. In ya ga kore da danshi a ƙarƙashin ɓawon, ya samu amsarsa da hannunsa, kuma ba zai manta ba.

Abin da ya fi burge ni shi ne, wasu a cikin wannan fari suke fure. Rimi, wanda unguwarku ta ci sunansa, yakan zubar da ganye ya yi fure wajen Disamba zuwa Janairu. Furen da dare yake buɗewa, jemagu ke zuwa shan zaƙinsa, su ne kuma ke kai garin fure daga wannan zuwa wancan. Kafin bazara 'ya'yan su fashe, audugar ta bi iska da irin. Gurjiya ma takan yi jan fure a reshen da ba ganye ko ɗaya. Mangwaro bai zubar da nasa ba, amma ku ɗaga kai za ku ga ya yi fure, ƙudaje na ta shawagi. Gawo kuwa saɓanin kowa yake yi, da damina ya tsaya fayau, da rani ya yi kore shar. Shi sai kun kama hanyar Zariya zuwa Kano za ku fi ganinsa a gonaki.

Sai ku gangara wajen ruwa. Ku bi ta gadar Lugga, gwamnan Turawan mulkin mallaka, wadda aka gina a Zungeru a 1904, daga baya aka dawo da ita nan. Kogin Kaduna ya ja baya yanzu, duwatsu da yashi sun fito, tsuntsaye sun samu wurin sauka. Ba za ku ga shamuwa ba, ta tafi kudancin Afirka sai farkon damina. Shirwa ce ke da sararin sama, ga balbela a gefen ruwa. In kun ga 'yan ƙananan tsuntsaye masu ruwan ƙasa suna bin gaɓa suna kaɗa wutsiya sama da ƙasa, cikinsu akwai baƙin da suka gudo wa sanyin Turai, suka ƙetare Sahara. Nakan tsaya in daɗe ina kallonsu, ina jinjina ikon Allah a kan abin da bai cika tafin hannu ba.

Hazon ma darasi ne. Kaso mai yawa na ƙurar daga kwarin Bodele yake tasowa a ƙasar Chadi, inda wani babban tafki ya ƙafe tun zamanin da. Iskar arewa maso gabas ke kawo ta, wata har ta ƙetare tekun Atilantika ta sauka a dajin Amazon.

Shawarata, ku zaɓi bishiya guda ɗaya, ku riƙa komawa gare ta duk Asabar. A ba yaran littafi su zana ta, su rubuta kwanan wata da abin da ya canza. Ku fita da hantsi, lokacin da ƙadangaru ke fitowa shan rana, ko da la'asar. A shafa musu man kaɗe, a sa rigar sanyi. Ranar da hazo ya yi kauri, duk yaron da ke da asma ko tari a bar shi a gida, in kuma za a fita da shi wata rana a sa masa takunkumi, a riƙe maganinsa a jaka.