Ƙungiyarmu ta matasa masu fasaha ba ta da kuɗi, daga ina za mu fara?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Muna da ƙungiya a Garwa da ke koya wa matasa wasan kwaikwayo, zane da waƙa. Tun da muka kafa ta, da aljihunmu muke tafiyar da ita. Mun aika wa ƙungiyoyin waje takardun neman tallafi, shiru kake ji. Ko a unguwarmu ma ba kowa ya san da mu ba. Yaya za mu yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya saka muku da alheri a kan wannan hidima. Ni dai maganarki ta ƙarshe ce ta fi tsaya mini a rai. Ƙungiyar da maƙwabtanta ba su san ta ba, da wuya wani ofishi a Yawunde ko Faransa ya saki kuɗinsa saboda ita. Da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Kafin komai, ki ɗauko takardunku ki duba. A Kamaru, dokar ƙungiyoyi ta 19 ga Disamba 1990 ta ce a kai takardun kafa ƙungiya ofishin firefe, wato babban jami'in gwamnati na gunduma, kuma idan wata biyu suka wuce bai ce komai ba, an ɗauka ya amince. Amma akwai wani sashe da mutane da yawa ba su karanta ba: ƙungiyar da rajista kawai ta yi ba ta da izinin karɓar tallafin hukuma ko kyautar masu hannu da shuni, sai in gwamnati ta amince cewa aikinta na amfanin jama'a ne. Dokar 1999 ta ƙungiyoyi masu zaman kansu ita ce ta buɗe wannan ƙofa, ita ma sai ƙungiya ta nuna aikin shekara 3 aƙalla. A 2020 kuma an yi wata doka ta musamman don ƙungiyoyin fasaha da al'adu. Saboda haka ki taka zuwa ofishin ma'aikatar fasaha da al'adu na yankin Arewa, ki tambayi matsayin da ya dace da ku. Ba mamaki wannan ne ya sa aka ajiye takardunku a gefe.

Kafin hakan ta tabbata, akwai kuɗin guminku. Kuɗin wata na 'yan ƙungiya, ko da sefa 500 ne. Kuɗin shiga kallo. Makarantar da ke son wasa ranar rabon sakamako, ko ƙungiyar lafiya da ke neman masu wasan wayar da kai a kan rigakafi da Hausa da Fulatanci, duk waɗannan aiki ne da ake biya, ku daina jin kunyar faɗin farashi. Masu zane su yi wa shaguna allo. Makon bikin matasa na 11 ga Fabrairu kasuwarku ce, kuma wanda ya fara shiri a watan Janairu ya makara.

Sai littafin kuɗi, wanda a nan ne ƙungiyoyi da dama suke faɗuwa. Ku sami ma'aji wanda ba shugaba ba ne, ba kuma ɗan'uwan shugaba ba. Kowane sefa da ya shiga ko ya fita a rubuta kwanan wata da dalili, a manna rasit, har na mai babur da ya ɗauko lasifika. Lambar Orange Money ko MTN Mobile Money da ake tura muku kuɗi ta zama ta ƙungiya kaɗai, kada ta zama wadda ake yin cefanen gida da ita. Duk ƙarshen wata a karanta lissafi a gaban kowa. Na sha ganin mai son taimako ya ce a nuna masa lissafin bara, shugabanni su fara kallon juna.

Batun talla ba ya buƙatar kuɗi da yawa, mutum yake buƙata. Ku ware matasa biyu, mace da namiji, aikinsu ke nan: ɗaukar hoto da ɗan gajeren bidiyo a kowane atisaye, da rubuta yawan yaran da suka zo. Su riƙa sakawa a WhatsApp da Facebook sau ɗaya a mako ba fashi. Amma kada hoton yaro ko yarinya ya fita sai iyaye sun yarda, musamman 'yan mata. Ku nemi fili a shirye-shiryen harsunan gida na gidan rediyon CRTV da ke Garwa. Ku kai gaisuwa wurin mai unguwa da Sarkin Hausawa, ku gayyace su kallo, ku ba su kujerar gaba. Iyayen da ke ɗari-ɗari da wasan kwaikwayo sukan saki jiki idan suka ga manya a wurin.

Idan kun yi shekara guda a haka, kuna da abin nunawa. Lokacin ne, idan matsayinku ya ba ku izinin karɓar tallafi, za ku tunkari cibiyoyi irin su Alliance Française ta Garwa, wato cibiyar harshe da al'adun Faransa, ko kamfanoni irin su SODECOTON, kamfanin auduga. Kada ku ce "a taimaka mana" kawai. Ku rubuta shafi ɗaya: yara nawa, wata nawa, me za a saya, nawa ne kuɗinsa, nawa kuka riga kuka tara da kanku. A rubuta da Faransanci mai kyau, a ba wani malamin makaranta ya duba. Wani lokaci zauren atisaye ko aron kayan sauti ya fi saurin samuwa a kan tsabar kuɗi, don haka ku sa su a cikin buƙatunku. Duk wanda ya ba ku wani abu, ku aika masa godiya da hotunan aikin cikin mako biyu.