Amsa: bambancin trace, vestige, remnant da relic

Ɗan'uwa, ka tambayi kalmar Turanci da ta dace da abin da ya saura bayan wani abu ya ɓace. Ya danganta da yawan abin da ya ragu.

In alama ce kawai, da ƙyar ake ganinta, trace ake cewa, kamar wanda ya ɓata babu ko labarinsa: vanished without a trace. Vestige ta fi nauyi, a littattafai aka fi samunta. Daga vestigium ta Latin ta fito, ma'anarta sawun ƙafa, shi ya sa ta fi dacewa da ɓurɓushin al'ada ko mulkin da ya shuɗe. Ni ita na fi so, amma kada ka sa ta a hirar yau da kullum, za ta yi wa magana girma.

Remnant kuwa yanki ne na abin kansa: ƙyallen da ya rage wajen tela, ko sauran ganuwar Kano. Relic tsohon abu ne da ake adanawa ana girmamawa. Kufan gari irin Pompeii na ƙasar Italiya, wanda dutse mai aman wuta ya binne a shekarar 79 bayan haihuwar Annabi Isa, ruins ne. Ka kula da remains, don takan nufi gawa.