Faktir ɗin ruwa ya ninka: daga ina matsalar take?

Malam, ka ce faktir ɗinku a Yamai ya ninka, alhali yadda kuke amfani da ruwa bai canza ba.

Fara rufe duk famfunan gida, ka tsaya gaban kwantar. In lambobin suna motsi, ruwa na yoyo. Duba tankin ban-ɗaki da inda ƙasa ba ta bushewa a tsakar gida. Mu ma mun sha wannan, ashe bututu ne ya tsage a ƙarƙashin siminti. Mita kub ɗaya, ma'aunin da ake lissafa faktir da shi, lita 1000 ce, tano biyar ke nan, kuma farashinsa yana ƙaruwa in amfani ya yi yawa.

In kwantar ba ta motsi, gwada lambarta da ta faktir. Don Allah kada ka kwance ta da kanka. Ɗauki hotonta ka kai ofishin NDE, kamfanin ruwa, yoyon cikin gida kuwa ka kira mai gyaran famfo.