Tambayoyin Masu Karatu: Wace takarda ce ta dace da mai son koyon haɗa rezon kwamfuta?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni matashi ne a unguwar Yelwa da ke Garwa. Na samu bakaloriya shekaru biyu da suka wuce, yanzu kuma ina taya yayana aiki a shagonsa na gyaran wayar salula. Ina sha'awar aikin haɗa kwamfutoci da intanet a ofisoshi da shaguna, har na tara 'yan kuɗi domin karatun. Na ga tallar wata cibiya da ke cewa tana koyar da CCENT da CCNA cikin wata uku, kuma tana ba da takarda. Wanne zan fara da shi? Faransancina ya fi Ingilishina nesa ba kusa ba.

AMSA: Wa alaikumus salam, ƙanena. Kafin ka biya ko da dala ɗaya, ka koma cibiyar nan ka tambaye su a wace shekara aka rubuta tallar tasu. CCENT takarda ce ta kamfanin Cisco na Amurka, kuma ita ce a da matakin farko ga mai son kula da ƙaramin rezo, wato kwamfutocin da aka haɗa da juna, amma kamfanin ya daina ba da ita tun watan Fabrairun 2020, lokacin da ya sake fasalin jarrabawoyinsa ya mayar da CCNA, takardar da ke gaba da ita, jarrabawa guda ɗaya mai lamba 200-301. Saboda haka duk wanda ya yi maka alkawarin CCENT a yau, ko dai bai san an soke ta ba, ko kuma ya sani yana fatan kai ne ba ka sani ba, kuma duka biyun ba su yi wa ɗalibi daɗi ba.

Akwai wani bambanci da nake so ka riƙe da kyau, domin a nan ne kuɗin yaranmu da yawa ke salwanta. Takardar da cibiya ke bugawa ta sa hatiminta, wadda muke kira atestasiyo, shaida ce kawai cewa ka halarci darasi. Takardar Cisco ta ainihi kuwa ba malaminka ne ke ba da ita ba: sai ka yi rajista da kamfanin Pearson VUE, ka zauna jarrabawa a gaban mai sa ido, sakamakon ya shiga kundin Cisco, inda duk mai son ɗaukarka aiki zai iya tabbatar da shi ta intanet. Ko kwasa-kwasan Cisco Networking Academy, waɗanda suke da inganci kuma ana samunsu da Faransanci, takardar kammala su daban take da takardar CCNA. Ka tambayi cibiyar a fili: wace takarda za ku ba ni, kuma wa zai sa mata hannu? Idan suka fara kame-kame, ka san inda aka dosa.

Game da wadda za ka fara da ita, shawarata ita ce kada ka fara da kowace jarrabawa tukuna. Ka fara da hannunka. Dalilina shi ne abin da na gani da idona a wani ƙaramin asibitin kuɗi, inda aka kira ni saboda kwamfutar ɗakin magani tana yanke hulɗa da ta ofishin kuɗi kusan kullum da rana tsaka. Kafin zuwana sun kawo wani saurayi mai ɗauke da takardu masu kyau, wanda ya kwana biyu yana sauya saituna a cikin rauta, wato na'urar da ke haɗa rezo da intanet ko da wani rezon, yana rubuta umarni iri-iri a allon kwamfuta, matsalar kuwa tana nan daram. Da na bi wayar da ta haɗa kwamfutocin biyu da ƙafata, sai na tarar an ja ta daga wannan gini zuwa wancan ta saman kwanon rufi, tsawonta ya haura mita 130, alhali ƙa'idar irin wannan waya ba ta wuce mita 100. Rana ta gasa robarta har ta tsattsage, da na kankare bakin silin da wuƙa kuma sai ga farin ƙarfe ya bayyana, wato alminiyon ne aka shafa wa jan ƙarfe a sama, irin wayar nan mai araha da ta cika kasuwa. Saurayin ya san karatunsa, ban raina masa ba, amma babu wanda ya taɓa koya masa ya ɗaga kai ya dubi rufi.

To, da wani ɓangare na kuɗin da ka tara ka sayi filayar matse kan waya, da ledar kawunan RJ45, wato kawunan roba da ake matsawa a bakin wayar rezo, da ƙaramar na'urar gwada waya, da 'yan mitoci na waya mai kyau. Ka zauna a shagon yayanka da yamma ka yi ta matsawa har jerin launukan silolin waya takwas ya zauna maka a yatsu: fari da lemo, lemo, fari da kore, shuɗi, fari da shuɗi, kore, fari da ruwan ƙasa, ruwan ƙasa. Kawuna goman farko za su lalace, wannan ba komai ba ne. Da yake ka saba da ƙananan sassan wayar salula, hannunka zai faɗa da wuri fiye da na wanda ya fito daga aji kai tsaye. Sannan ka nemi wanda ke wannan aiki a gari, ko mai kafa kyamarorin tsaro ko mai kula da wifi zon, ka roƙe shi ya riƙa tafiya da kai ko da ɗaukar tsani ne aikinka. A wurinsa za ka koyi abin da babu shi a littafin da aka rubuta a ƙasar sanyi: yadda zafin watan Maris da Afrilu, da kan haura digiri 40 a Garwa, ke sa na'urar da aka kulle cikin akwatin ƙarfe ta riƙa sumewa, yadda ƙurar hunturu ke toshe fanka, yadda tsawar damina ke bin wayar da aka ja a waje ta ƙone suwic, wato akwatin da wayoyin kwamfutoci ke haɗuwa a cikinsa, idan ba a yi wa ginin wayar da ke kai wuta cikin ƙasa ba, da yadda dawowar wuta da ƙarfi bayan an ɗauke ta ke kashe caja. Wutarmu ta dogara ƙwarai da madatsar Lagdo da ke kan kogin Binuwai, kuma kowa ya san yadda ake fama idan ruwa ya ja baya da rani, don haka mai haɗa rezo a nan dole ya san lissafin batir da sola, in ba haka ba aikinsa rabi ne.

A lokaci guda sai karatu, wanda mafi yawansa kyauta ne. Ka yi rajista a shafin Cisco Networking Academy, ka ɗauki darussan farko da Faransanci, ka sauke manhajar Packet Tracer wadda ke ba ka damar haɗa rauta da suwic da kwamfutoci a allo kamar gaske ba tare da ka sayi ko ɗaya ba. Inda za ka fi daɗewa shi ne lissafin adireshin IP, wato lambar da ake gane kowace na'ura da ita a rezo, da yadda ake raba babban rezo gida-gida. Kada ka yi gaggawar wuce wannan babi, domin shi ne ƙashin bayan aikin. Ranar da ka fahimci dalilin da ya sa rezo irin 192.168.1.0/24 ke ɗaukar na'urori 254 ba 256 ba, ranar da ka ga adireshin da ya fara da 169.254 ka gane nan take cewa kwamfutar ta nemi a ba ta adireshi ba ta samu mai ba ta ba, to ka fara zama ma'aikaci.

Bayan wata shida ko fiye a haka, sai maganar jarrabawa. A shekarar 2023 Cisco ya fito da wata takardar masu farawa mai suna CCST Networking, wadda kusan ita ce ta zauna a gurbin da CCENT ta bari. Kuɗinta dalar Amurka 125 ne, ba ta kai awa ɗaya ba, kuma ana iya yin ta da Faransanci, abin da ya dace da halin da ka bayyana. CCNA kuwa dala 300 ce, wato abin da ya zarce sefa dubu 150, ana yin ta cikin minti 120, kuma babu ta da Faransanci. Wanda ya faɗi, kuɗinsa ya tafi, sai ya sake biya. Shi ya sa alkawarin wata uku bai kwanta mini ba ga wanda bai taɓa taɓa suwic ba kuma Ingilishinsa bai nuna ba. Ingilishin da ake bukata ba na hira ba ne, na karanta tambaya mai tsawo ne a gane abin da take nufi cikin minti ɗaya, kuma ana samunsa ne ta hanyar karanta darasin da ka riga ka fahimta da Faransanci a karo na biyu da Ingilishi. Ka kuma sa kuɗin hanya a lissafinka, domin wataƙila sai ka shiga mota zuwa Ngawundare ka kama jirgin ƙasa na dare zuwa Yawunde. Ana iya yin jarrabawar daga gida ta kyamarar kwamfuta, amma ba zan so wuta ko intanet su yanke maka a tsakiyar jarrabawar dala 300 ba.

Akwai wata hanya da ban so ka raina. Yawancin wifi zon da ke sayar da tikiti a unguwanni, da otal-otal da ƙananan masu rarraba intanet, da na'urorin MikroTik suke aiki, kamfanin ƙasar Latbiya, saboda sun fi na Cisco araha ƙwarai. Wanda ya iya saita su, ya iya tsara tikiti da raba ƙarfin intanet tsakanin masu amfani, zai fara samun na cefane a Garwa tun kafin ya ga na'urar Cisco da idonsa. Takardarsu ta farko ita ce MTCNA, ana yin ta bayan horo na 'yan kwanaki a hannun malamin da kamfanin ya amince da shi, kuma sunayen irin waɗannan malamai suna shafin kamfanin, don haka ka duba kafin ka biya. Ƙaramar rauta ɗaya ta MikroTik da za ka saya ka yi ta lalatawa kana gyarawa a ɗakinka za ta koya maka fiye da wata guda na kwafar allo. CompTIA Network+ ma takarda ce mai kyau wadda ba ta jingina da na'urar kamfani ɗaya ba, sai dai ta fi CCNA tsada kuma ba a cika tambayarta a nan ba, don haka ban sa ta a gabanka ba.

TAMBAYA: Malam, ni ɗan kasuwa ne a Marwa. Ɗana yana shekarar farko ta BTS a fannin kwamfuta, sai ya zo mini da maganar zai bar makaranta ya yi CCNA, wai ita ake nema yanzu. Ni ban san kan abin ba, ina neman shawara.

AMSA: Ranka ya daɗe Alhaji, Allah ya shirya mana zuriya. Kada ka bari ya bar makarantar. Yaron bai yi ƙarya ba da ya ce kamfanoni na daraja CCNA, musamman kamfanonin sadarwa da bankuna da ƙungiyoyin agaji da ke aiki a yankinmu, amma ya ga rabin maganar ne kawai. Takardun nan biyu ba kishiyoyi ba ne, kowace da ƙofar da take buɗewa. BTS takardar ƙasa ce, da ita ake shiga gasar neman aikin gwamnati, da ita ake tantance matakin albashi, da ita kuma ake ci gaba zuwa lisans idan ya so ya ƙara karatu a Marwa ko a Ngawundare. CCNA takardar kamfani ce, kuma tana da wa'adi: bayan shekara uku takan mutu sai an sabunta ta, ko ta sake jarrabawa ko ta ƙarin horon da Cisco ya amince da shi. Haka MTCNA take, shekara uku ce. BTS kuwa idan ya same ta ya same ta har abada. Ka dubi yaron da ya bar makaranta, ya ci CCNA yana ɗan shekara 20, bai samu aiki da wuri ba, ya kai shekara 23 takardar ta mutu kuma ba shi da ta ƙasa a hannu. Wannan shi ne abin da nake jiye masa.

Abin da ya fi shi ne ya haɗa biyun, tunda darussan suna shiga juna. Ya tambayi malamansa ko makarantarsu na da rajista da Cisco Networking Academy ko da shirin Huawei ICT Academy, domin ɗaliban irin waɗannan makarantu kan samu darussan cikin sauƙi, wani lokaci har da rangwamen kuɗin jarrabawa ga wanda ya yi ƙoƙari. Idan kana son taimaka masa da kuɗi a yanzu, kwamfutar hannu mai lafiya da kuɗin data na wata-wata sun fi masa amfani a wannan shekara fiye da kuɗin jarrabawa. Lokacin hutu kuma ka yi amfani da sanayyarka ta kasuwa ka samo masa wurin istaj a hannun wanda ke aikin da gaske, ko da ba za a biya shi ba.

Kana da hanyar gwada shi da kanka ba tare da ka san komai a kwamfuta ba. Ka ce ya haɗa maka kwamfutar shago da na'urar buga takarda da kyamara ɗaya da za ka riƙa kallo a wayarka daga gida, ya rubuta maka jerin kayan da za a saya da farashinsu tun kafin a fara, sannan ya zana maka a takarda inda kowace waya ta bi, ya sa wa kowace lamba. Idan abin ya yi wata biyu yana aiki, kuma ranar da ya tsaya ya gano dalilin da kansa ya gyara, to ka ware masa kuɗin CCNA, ya zauna jarrabawar a watannin da suka biyo bayan kammala BTS ɗinsa, domin shekara ukun takardar su fara ƙirguwa daidai lokacin da yake yawon neman aiki.