Kwamfuta ta ce gangamau yana kashe sankara, shin mu dakatar da maganin asibiti?

Tambaya: Assalamu alaikum, Dakta. Ni ɗaliba ce a ajin ƙarshe a sashen nazarin sinadaran jikin halitta. Mahaifiyata tana fama da sankarar mama, an yi mata zagaye biyu na kemo, wato maganin asibiti mai kashe ƙwayoyin sankara, kuma tana jin jiki. Kawuna ya kawo garin gangamau wanda mai sayarwa ya ce ƙirƙirarriyar basira ta tabbatar yana kashe cutar, har da takardar bincike, kuma na ga alƙalumanta sun yi kyau. Yanzu dangi suna so a bar asibiti. Tunda har an ba masu AlphaFold kyautar Nobel, me zai hana mu yarda?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yata. Allah ya ba Hajiya lafiya, ya sa kaffara ce. Kada a dakatar da kemo saboda wannan takarda, ko da zagaye ɗaya ne.

Nasarar AlphaFold, manhajar ƙirƙirarriyar basira mai hasashen siffar furotin, gaskiya ce. Tun 1971 ake tara siffofin furotin da aka gano a ɗakunan gwaji, kuma a cikin shekara hamsin abin da aka samu bai wuce kusan 200,000 ba, sai ga kamfanin DeepMind, mai AlphaFold, ya fitar da hasashen siffofi fiye da miliyan 200 a 2022, abin da ya sa Demis Hassabis da John Jumper suka raba Nobel ta 2024 da David Baker. Amma siffar furotin aka hasasa, ba a warkar da kowa ba.

Ga inda raina yake ɓaci, domin kusan kullum sai an turo mini irin wannan takarda ta WhatsApp. Ita ce wadda kika sani, a ɗauki ƙwayar sinadarin wata shuka a gwada ta a aljihun furotin cikin kwamfuta, kamar mai gwada mukulli a kwaɗo, a samu lambar da ke nuna sun kama juna, sai a buga. Ɗalibaina suna yin haka da manhajar AutoDock a ƙaramar kwamfuta tsakanin azahar da magariba, kuma darasi ne mai kyau, amma lambar nan ba ta san hanji ba, ba ta san hanta ba, ba ta san ko sinadarin zai isa ƙari da yawan da zai yi tasiri ba. Sinadarin gangamau ma shi ne misalin da muke ba ɗalibai a kan haka: yana nuna kamar yana aiki a kusan kowane gwajin ɗakin bincike, sai dai hanji ba ya tsotse shi sosai, ɗan abin da ya shiga jini kuma hanta tana saurin kawar da shi. Shekaru ana gwada shi a kan mutane, har yau bai zama maganin sankara ba, an kuma samu waɗanda yawan shansa ya taɓa musu hanta.

Ki duba yadda masu manyan injuna suke taka tsantsan. A farkon 2020, jibgegiyar kwamfutar Summit da take Oak Ridge a Amurka a lokacin ta tace sinadarai fiye da 8,000 domin korona, ta ware 77, masu aikin kuma suka ce jerin abin da za a kai ɗakin gwaji ne kawai. Sinadarin Halicin, wanda basirar kwamfuta ta zaƙulo a jami'ar MIT a shekarar, ya kashe ƙwayoyin cuta a jikin ɓeraye, amma har yanzu ba a amince a ba mutum shi ba. Cikin magunguna goma da suka kai matakin gwaji a jikin ɗan Adam, kusan tara suna faɗuwa. To, ta yaya mai ƙulla gari a leda ya tsallake duk wannan? Da ana cewa aljanu suka ba da sirrin, yanzu an koma cewa kwamfuta ce, kasuwar dai ɗaya ce, kuma matan da suka bi ta su ne ake dawowa da su asibiti bayan cutar ta shiga ƙashi.

Ke ce mai ilimin abin a gidan, don haka ki zauna da kawu cikin ladabi ki yi masa wannan bayani. Ki raka Hajiya ganin likitanta, ku faɗa masa amai da kasalar da take fama da su, domin akwai magungunan rage su, sannan ku nuna masa garin kafin ta ƙara sha.